Mazhabobin Bakin Ƙofar Silima

Da aka fito da kashi na biyu na fim ɗin Black Panther a watan Nuwamba na 2022, wanda aka yi wa laƙabi da Wakanda Forever, na lura cewa abin da ake haskawa a ciki, duk da tsawonsa na sa'a biyu da minti arba'in da ɗaya, bai kai rabin daɗin abin da ke gudana a bakin ƙofa ba, inda ma'abota littattafan labarin zane kan yi cirko-cirko bayan an tashi, kowa yana ba da fatawar da ba a tambaye shi ba.

Shugabansu shi ne Mahaddaci, wanda ba ya buɗe baki sai da isnadi. Tun kafin ka gama sallama zai sanar da kai cewa Sarki T'Challa ya fara bayyana ne a 1966, cikin fitowa ta 52 ta Fantastic Four, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby, kuma abokin gabarsa Namor ya girme shi nesa ba kusa ba, domin Bill Everett ya zana shi tun 1939. Abin da ya hana shi barci shi ne, Namor a nassi sarkin Atlantis ne, amma masu fim suka ɗauke shi suka naɗa shi sarkin wata alƙarya ta ƙarƙashin teku wai ita Talokan, suka kuma jingina nasabarsa ga mutanen Maya na ƙasar Meziko, wanda a wurin Mahaddaci bidi'a ce tsagwaronta. Sai dai ya yi hamdala da aka bar wa Namor 'yan fukafukan nan na idon sawu. Ni kuwa har yau ina mamakin magidanci mai furfura wanda ya gaskata cewa ƙato na iya tashi sama da fiffiken da bai fi na tattabara ba, amma sauyin sunan gari ya tsaya masa a maƙogwaro.

A gefensa akwai Malamin Shaci-faɗi, wanda bai taɓa buɗe ko shafi guda ba, illa dai Allah ya hore masa murya. Shi ne ya rantse cewa ɗora Shuri, ƙanwar sarki, a kan muƙamin yayanta ƙirƙira ce ta 'yan zamani wadda ba ta da tushe a littafi. Mahaddaci ya bar shi ya kai aya, sa'an nan ya tuna masa cikin ladabi cewa Shuri ta sa wannan riga a littafi tun 2009. Nan take malamin ya tuna an aike shi.

Saɓani mafi zurfi kuwa ya samo asali ne daga rasuwar Chadwick Boseman, mai fitowa a matsayin T'Challa, wanda ciwon daji na hanji ya ɗauke a watan Agusta na 2020, da shawarar da kamfanin Marvel da mai ba da umarni Ryan Coogler suka yanke ta ƙin ba wani matsayinsa. Wata mazhaba ta ce sarki ke mutuwa, sarauta ba ta mutuwa, ga James Bond nan ya sauya fuska sau da yawa duniya ba ta tashi ba. Ɗaya ta ce wanda duk ya sa rigar mamaci tun makoki bai watse ba, ba shi da kunya. Dukkansu na gan su suna sharar hawaye a wurin jana'izar da aka buɗe fim da ita, kuma dukkansu sun ɗora laifin a kan mura.

Ba zan ɓata tawada ba a kan mai cewa na farko ya fi, domin haka yake faɗa game da kowane abu har da damina, ko a kan wanda waƙar Rihanna kaɗai ta kawo shi, don ya ji cewa Tems ta Nijeriya na cikin marubutanta. Amma Mai Sakin-baki ya cancanci ta'aziri, shi da ya bi layin masu jiran shiga yana tambayarsu ko sun san Sarauniya Ramonda za ta nutse.

Na ƙarshen fita shi ne Mai Ribaɗi, wanda Marvel ta koya wa cewa akan ɓoye wani ɗan guntun labari a bayan jerin sunaye. An nuna masa ɗan T'Challa a ƙasar Haiti a tsakiyar sunayen, bai ƙoshi ba, ya gyara zama ya karance sunan kowane mai ɗinki da mai jan waya, har aka kunna fitilu ba a ƙara masa kome ba sai layi guda na alkawarin dawowar jarumin. Yana nan zaune yana duban farin bango sa'ad da mai shara ya iso kansa da tsintsiya, ya ce, "Malam, ɗan ɗaga ƙafarka."