Rataye Zanen Haɗin Gambiza: Ƙa'idojin Aikin da Abin da Ke Faruwa a Zahiri

Baje kolin mutum ɗaya shi ne wanda mai zane guda yake cika zaure da ayyukansa, ba ya raba bango da kowa. A baje kolin taron dangi, idan zane ya faɗo akwai wanda za a harara. A nan kuwa yabo nasa ne, tarkacen ma nasa ne. Wahalar tana ninkuwa idan zanen na haɗin gambiza ne, wato wanda aka haɗa fenti da kayan da ba don zane aka yi su ba: tsumma, fata, yashi, wuri, murafen kwalba, ɓallin ƙwarya, tsohuwar jarida.

Asalin salon

Masana sukan kai tarihinsa zuwa 1912, lokacin da Picasso ya manna wata leda mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya kewaye shi da igiya. A Najeriya, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun dage kan a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Jimoh Buraimoh na Oshogbo ya yi suna da manna duwatsun ado, El Anatsui kuma da ɗinke murafen kwalba da wayar tagulla. Mai zanen Kano na yau ba ya rasa kaya: rinannen yadi daga Ƙofar Mata, fata da faifai daga Kurmi, sauran kuma daga bola.

Daga nan babbar ƙa'idar aikin ta fito. Kayan nan ba wanda ya sanar da su cewa sun zama fasaha. Sitacin da aka manna takarda da shi har gobe abinci ne a wurin kyankyaso, katakon firem tuwon gara ne, kabar tabarma kuwa ko a wane zaure aka rataye ta, akuya ta san ta. Duk abin da ke biyo baya kokawa ce tsakanin mai zane da kayan da ke neman komawa tsohuwar sana'arsu.

Ɗaukar kaya

Ƙa'ida ita ce a naɗe kowane zane shi kaɗai, a jera su a tsaye, fuska na duban fuska, baya na duban baya, da kwali a tsakani. Ana yin haka a cikin rufaffiyar mota. A zahiri, kuɗin motar ya riga ya tafi wurin mai buga katin gayyata, don haka ɗan a-daidaita-sahu ake tsayarwa. Shi kuma yana da tasa ƙa'idar: duk abin da ya fi keke faɗi, sama yake hawa. Zai ɗora zanen da aka yi wata uku ana yi a kan rufi, ya ja roba ta tsakiyarsa, ya ce, “Oga, kada ka damu, ko firji na ɗauka a haka.” Kowane rami a titi yana karɓar zakkarsa. Wanda ya bi sawun keken zai iya gane hanyar zauren da wuri da murafen kwalba, shi ya sa gogaggen mai zane ba ya fita sai da ledar kayan gyara da kwalbar gam a aljihu.

Bango da awo

Yawancin gidajen baje koli suna sa tsakiyar zane ta kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Lissafin ƙusa mai sauƙi ne: a ɗauki 145, a ƙara rabin tsayin zanen, a cire tazarar da ke tsakanin wayar baya, idan an ja ta, da saman firem. Zane mai tsayin santimita 100 da wayarsa take santimita 10 ƙasa da kansa, ƙusarsa tana 185. Mai nauyi kuma ƙusa biyu ake ba shi don kada ya karkace.

Lissafin yana zaton bangon a miƙe yake, daɓen kuma a shimfiɗe. Maginin da ya yi su bai yi wannan alkawari ba. Idan aka daidaita zane da ma'aunin nan mai ɗan kumfa, sai ya karkace a ido domin silin ya zame. Idan aka bi silin, sai ya saɓa wa tagar. Bangon bulo kuma hali biyu gare shi. Ko dai ya lanƙwashe ƙusa uku a jere, ta huɗu ta sauka a babban yatsa, ko kuma ya karɓi ƙusar da fara'a, sannan ya sako filasta mai faɗin faranti. Maganin farko injin huda bango da robar da ake cusawa a rami. Maganin na biyu, a matso da babban zane ya rufe wurin. Da yawa daga tsare-tsaren da 'yan kallo ke yabawa, ramin da ke baya ne ya tsara su.

A wannan mataki ake buƙatar mai riƙe tsani, wanda galibi ƙane ne ko ɗan maƙwabta. Aikinsa biyu ne, ya riƙe ya kuma duba. Zai ce, “Yaya, ɗan yi dama. A'a, damata.” Da zarar wayarsa ta yi ƙara, aikin farko ya ƙare.

Yanayi da fitila

Hunturu yana busar da katako har gaɓoɓin firem su buɗe baki, ƙura kuma ta zauna a kan duk abin da yake da gam. Damina tana sakin yadin zane ya yi tumbi. Fentin akirilik yana bushewa cikin mintuna, na mai kuwa sai ya kwana da yawa kafin a taɓa shi, kuma zanen ƙarshe, wanda aka gama a daren jajibiri, ba ya taɓa zama na akirilik. Ana gane haka a gaban rigar mai zane.

Fitila ana karkato ta daga sama don kada ta yi walƙiya a ido. Ƙwan LED ba ya zafi sosai. Tsohon ƙwai mai zafi kuwa yana tausasa gam ɗin kyandir, sai wuri ya fara gangarowa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara a kan tayil daidai lokacin da zaure ya yi tsit. Wannan matsala takan warware kanta idan aka ɗauke wuta.

Sama da ƙasa

Zanen da ba mutum ba ne ba dabba ba, dole a sa masa kibiya a baya. A 1961 wani aikin Matisse na yankakkiyar takarda ya kwana 47 a kife a gidan adana zanen zamani na New York kafin wata 'yar kallo ta lura. Mai zane ya kamata ya haddace wannan labari, domin zai buƙace shi ranar da ya dawo daga sallah ya tarar kafinta ya taimaka masa. Idan ya yi magana, amsar ita ce, “Malam, ai haka ya fi kyau.” Abin takaicin shi ne wani lokaci gaskiya kafintan ya faɗa.

Mai shara

A 2004, a Tate Britain da ke Landan, mai shara ya jefar da wata jakar shara da take cikin aikin Gustav Metzger. Ba laifinsa ba ne, shara ya gani. Saboda haka duk aikin da wani sashensa yake zube a ƙasa, sai an kai Baba mai shara gabansa an gabatar da su ga juna. In ba haka ba, da safe za a tarar da zauren fes, Baba yana jiran godiya: “Ɗan nan, yaran da suka yi maka aiki ƙazamai ne. Buhu guda na ƙwarya fasasshiya na kwashe.” Ladabi ya hana a ɗaga wa dattijo murya, sai dai a tambaye shi inda ya zubar, a bi da sauri kafin 'yan gwangwan su riga.

Ranar buɗewa

Kowane aiki yana da ɗan kati a gefe mai ɗauke da suna, shekara, kayan haɗi da girma. Wanda aka saya ana manna masa jan ɗigo. Baƙi kashi uku ne. Akwai abokan sana'a, masu matsowa kusa su duba irin gam ɗin da aka sa. Akwai babban baƙo, wanda zai iso bayan lemo ya huce, ya yi jawabi kan muhimmancin sana'ar hannu ga matasa, ya daɗe yana nazarin akwatin mita da ke kusurwa kafin a juyo da shi. Akwai kuma dangi. Su ne masu haɗari, domin su kaɗai suka san asalin kayan. Inna za ta tsaya gaban aikin da aka sa wa farashi mafi tsada, ta gyara mayafi, ta ce a gaban jama'a, “Kai, wannan ba faifaina ba ne da nake nema tun azumi?” Nan take mai saye ya san kuɗin kayan, ciniki kuma ya koma na Kurmi.

Sauke kaya

Idan wa'adi ya cika, ana cire ƙusoshi, a cike ramuka, a shafa fenti, a mai da zaure yadda aka same shi. A nan ramin da babban zane ya rufa wa asiri yake bayyana, mai zauren kuma ya cire kuɗin gyara daga ajiyar da aka ba shi. Gidajen da ke sayar wa mai zane aikinsa suna karɓar kaso, wani wurin har rabi. Da abin da ya rage ake biyan kafinta da mai janareto da mai keke. Ayyukan da ba a saya ba suna komawa gida a jingine su nesa da ƙasa saboda gara, nesa da tsakar gida saboda akuya, faifai kuma a ɓanɓare shi a mayar wa mai shi.