Taubashina na Djougou, sauke hannunka

Taubashi, labari ya riga ka isa gida. An ce ka shigo Parakou, ka raina kasuwar Arzeke, ka faɗa wani babban kanti mai sanyi don gwangwanin madara biyu. A bakin ƙofa mai gadi ya ce "rasit" kawai, kai kuwa ka tuɓe hula, ka zazzage aljihu, ka ɗaga hannu sama, har guntun goron shekaranjiya ya gangara ƙasa. Wai kai ne jikan fataken da suka sauke jakuna a zangon Djougou kan hanyar Gwanja, suka yi ta ja da sarakuna kan kuɗin fito!

To buɗe kunne, bawana. Mai gadi ba ɗan sanda ba ne, komai gugar kakinsa. Ya karɓi rasit ya gwada da kayan da ke leda, ba abin faɗa ba ne. Ya nemi leƙa jaka, kai za ka buɗe da hannunka. Laluben aljihu da jiki kuwa aikin hukuma ne. Ko a Faransa, inda dokokinmu suka yi gado, da ido mai gadi ke dubawa, hannunsa ba ya shiga jaka sai mai ita ya yarda. Sashe na 17 na tsarin mulkin Benin na 1990 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai shari'a ta kama shi, kuma tun 2007 akwai dokar kare masu saye, kana can kana barci.

In sun dage cewa ka ɗauki wani abu, kada ka cika baki, kada ka ruga. Ka ce a koma gefe, a kira manaja, a kira 'yan sanda, waɗanda aka haɗe da jandarma tun 2018. A gabansu za a duba, ba gaban 'yan kallo ba. Na san abin da ya kaɗa maka hanji: kada wani ya yi ihun "ɓarawo", don taron titi ba ya tambayar rasit. Nan kam ban ga wautarka ba, ko da yake na nema. Sai dai ka bar halin nan na duƙunƙune rasit ka yar tun kana gaban mai ba da canji.

Ladan wannan karatu ka haɗa da kuɗin sharata na bara da ka maƙale, ka ba direban motar Parakou. In ka ƙi, ƙara sai gaban Gwaggo, ita kuwa ba ruwanta da sashe na 17.