Kurciya na Kan Mangwaro, Madubi na Hango Paiko

Bindigar iska ba ta da dogon buri. Ka karya ta, ka cusa ƙwayar dalma guda, ka mayar, ka harba. In tsakaninka da kurciya mita 20 ne zuwa 30, an ci nama. In ya wuce haka da yawa, sai dai a ce an razana ta. Da ɗan saitin ƙarfen da ta zo da shi daga kamfani ake korar kurege daga gonar gyaɗa, ake rage wa gafiya iko a bayan rumbu. Sai ga madubin ɗorawa a bayan bindiga ya shigo Chanchaga ta Minna. Da, a wajen rabon gado ko tafiyar nesa ake sanin halin mutum. Yanzu a bar shi kawai ya zaɓi madubi.

Ga Alhaji Babbar Lamba. An yi masa bayanin rubutun da ke jikin kwali: in an ce 4x32, lambar farko na nufin madubin zai jawo abu kusa ninki huɗu, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 32. Abin da Alhaji ya tsinta a bayanin duka shi ne akwai lamba ƙarama, akwai babba, shi kuwa bai taɓa sayen ƙaramin abu a gaban jama'a ba. Sai ya sa aka aiko masa da 6-24x50 ta tashar mota. Da aka ɗaura, sai ka ce an aza wa akuya kayan raƙumi. Bakin gilashin ya yi faɗin da sai da aka nemo dogayen ƙafafu kada ya taɓa bututu, kuncin Alhaji kuma ya daina samun gindin bindiga, yana lilo a iska. Ba wanda ya gaya masa cewa madubin da ya ninka kurciya sau 24 ya ninka rawar hannunsa ma sau 24, ya kuma tsuke filin da ido ke gani. Yana nan yana lalube a cikin reshe, yaron da ke riƙe masa gwangwanin ƙwaya ya ce, "Alhaji, me ka gani?" Ya ce, "Ganye." Can ya sake tambaya, ya ce, "Wani ganyen." Kurciya kuwa ta kai ƙetaren kogi. Amma a yi masa adalci: daga kan bene yana karanta lambar duk motar da ta hau gadar Chanchaga ta nufi Paiko.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai madubin babbar bindiga. Yawanci ɗan fansho ne mai tsafta, wani ɗan'uwa ya kawo masa tsaraba daga waje, kuma madubin na ƙwarai ne, ba jabu ba. Hujjarsa ba ta da kushe a ido: abin da ya jure shurin bindigar harsashi, ta tsuntsu ce za ta dame shi? To ita ce kuwa. Bindigar harsashi shuri ɗaya take yi, baya. Ta iska mai sifirin, irin su Diana ta Jamus, Gamo ta Sifen da Hatsan ta Turkiyya, sau biyu take yi: sifirin ya saki ta yi baya, fistin ya daki ƙarshen hanyarsa ta fizga gaba, duka kafin ƙiftawar ido. Gilasan madubin da ba a ɗaure su don wannan fizgar gaba ba sai su fara saki. Yau giciyen da ke ciki ya karkace, gobe ka girgiza madubin ka ji wani abu na ƙaras-ƙaras. Ga kuma matsala ta biyu: irin wannan madubi galibi an daidaita shi ne don yadi 100, saboda haka a mita 15 in ka ɗan motsa kai sai giciyen ya yi ta yawo a jikin tsuntsu. Maganinsa madubi mai zoben gaba da ake murzawa, wanda ake rubuta wa AO, mai saukowa har yadi 10. Ka faɗa wa mutumin nan haka, zai saurare ka da ladabi, sannan ya shiga gida ya tara yara ya tambayi wanda ya yar masa da madubi.

Sai Sarkin Murɗa. Shi bai yarda da kwali ba. Masu hankali kan kafa kwali a mita 20 ko 25, su harba uku ko biyar a wuri guda, su ga inda ramukan suka taru, sannan su taɓa maɓallan sama da na gefe. Shi a jikin tsuntsu yake saiti. Ya harba ya kuskure, ya murɗa. Ya sake kuskurewa, ya murɗa ɗaya ɓangaren. A yawancin madubai kowane ƙas ɗaya kwatan inci ne a yadi 100, wato a yadi 25 sai ka yi ƙas 16 kafin ƙwaya ta matsa inci guda. Shi zai yi biyu, ya ga ba canji, ya ce an cuce shi, ya kama maɓalli ya murɗe har ya ƙure. Duk wannan hidima, madubin da kansa yana ta zamewa baya kaɗan-kaɗan a kan kwarmin bindiga mai faɗin milimita 11, domin ɗan ƙusan tsayarwa da ya kamata ya faɗa raminsa yana nan cikin leda a aljihun Sarkin Murɗa, ya ɗauka ragowa ne.

Ƙaninsa Injiniya ya sayo ƙafafun milimita 21, ba su kama ba. Robar tif, sufa gulu, wayar kwano, an gwada. Mai walda ne kawai ya ce shi ba da shi ba.

Mai araha labarinsa na damina ne. Madubin kirki ana cika shi da iskar naitirojin a toshe, don kada raɓa ta shiga. Nasa an buga masa sunan wani babban kamfani, har da kuskuren harafi ɗaya. Da rani lafiya lau. Ruwan Agusta na Minna na sauka, sai hazo ya kwanta a cikin gilashi, wurin da tsumma ba ya kaiwa. Za ka gan shi ya shanya madubi a kan kwano yana duban sama, kurciyoyi na kuka a kansa.

Ɗan gayu kuwa ba nama ya kawo shi ba. Nasa giciyen na kama wuta, ja ko kore, ga tocila a gefe, ga ɗan jan haske mai nuna wuri, ga zane-zanen kakin soja. Batirin nan mai kama da kwabo ya ƙare tun makon farko don bai san ana kashewa ba, amma hoto ya riga ya hau Facebook. A nan wasa ke ɗan tsayawa. Dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙewa. Kuma jihar da ta ga hare-haren 'yan bindiga a Shiroro da Munya da Rafi ba wurin da za a rataya abu mai wannan siffa a hau babur ba ne. A shingen hanya zai ce, "Yallaɓai, ta tsuntsu ce." Yallaɓai ya juya ta, ya leƙa, ya ce, "Wane irin tsuntsu ne sai da wannan duka? Sauko mu gani." Daga ranar bindigar ke koma wa buhu.

A teburin mai shayi akwai Farfesa, wanda bai mallaki ko danƙo ba. Shi zai gaya maka duk waɗannan wahalar banza suke sha, yanzu duniya ta koma bindiga mai tulun iska da ake ɗura wa iska mai matsin bar 200, ba ta shuri, kowane madubi ya zauna a kanta. Gaskiya ya faɗa. Tambaye shi kuɗinta da na famfonta, sai ya ce a ƙaro masa suga.

Mutumin da ya yi daidai ba shi da daɗin labari. Ya sayi 4x32, ko ya yi ƙoƙari 3-9x40 da aka rubuta na bindigar iska ne, da ƙafa guda mai haɗe, ya sa ƙusan a raminsa, ya ɓata yamma guda a kan kwali, ya tsaya a kan ƙwaya iri ɗaya, 4.5 ko 5.5 gwargwadon bututunsa. Ba ya matse bindiga, yana barin ta ta yi shurinta a tafin hannu. Ni dai in za a bi ta tawa, nan zance ya ƙare. Aibinsa ɗaya: yana tara ƙwayoyi a baki don saurin ɗurawa, ya manta dalma ce. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a 2015 ba zai mai da kuncinsa aljihu ba, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito.

An taɓa miƙa wa wani tsohon maharbi Bagwari, mai adaka, ɗaya daga madubban nan. Ya kanne ido ya leƙa, ya daɗe, ya mayar ya ce, "Ɗana, yana da kyau. Amma in na matsa kusa ma haka nake ganinta."

Saura uwargida, wadda ba ta taɓa leƙa madubi ba amma ta fi kowa sanin lissafinsa, domin ta san kaji nawa kuɗinsa zai ɗauko a Kasuwar Gwari. La'asar ta yi, maigida ya shigo da bindiga a kafaɗa, ƙaya a wando, jaka ba nauyi. Ta dube shi, ta dubi tukunyar da ruwanta ya tafasa tun ɗazu.

"Sannu da zuwa, maigida. Madubin zan jefa a miyar, ko in aiki yaro wajen mai nama?"