Yadda Ake Fara Rawar Tango Ba Tare da An Zubar da Girma Ba

Na san ka riga ka sayi takalmi mai santsin ƙasa, ka kuma yafe babban yatsanka. To, bismillah.

Na ɗaya, zaɓi salo. Kowanne ka ɗauka, sai wani ya taɓe baki ya ce ba shi ne na asali ba. Akwai wanda ake kira salon, mai taku a natse. Akwai milonguero, ƙirji da ƙirji, wanda cunkoson zaurukan rawa na Buenos Aires ya haifar. Nuevo na masu son fili ne da juyi, su ne za ka ji suna ambaton makaɗi Astor Piazzolla. Na gasa kuwa, wanda aka tsara a Ingila, fizgar kai ake yi sai ka ce mai bin bashi ya ƙwala wa mutum kira daga baya. Har mutanen Finland suna da nasu, da bikinsa a garin Seinäjoki tun 1985.

Na biyu, tafiya. Ka biya kuɗinka don ka iya wurga ƙafa irin ta fim, malami ya ce tukuna, taka mu gani. Ni da gemuna, wai ban iya tafiya ba! Rawar da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009, ashe rabinta zagaye ɗaki ne ana ce maka sake.

Na uku, ko na nawa ne, gayyata. A wajen rawa ba a zuwa a tambaya da baki. Ido za ka haɗa da mace daga nesa, ka ɗan gyaɗa kai, in ta amince ta gyaɗa. In ba ta so, sai ta dubi bango. Jama'a, bangon nan yana shan kallo. Idan Allah ya sa ka dace, waƙa uku ko huɗu za ku taka a jere. Kada tarbiyyar gida ta sa ka ce na gode bayan ta farko, domin a can ma'anarsa ka gaji da ita ke nan. Wa ya tsara wannan? Mutum ya rasa damar godiya ma?

Batun kiɗa, saurari Juan D'Arienzo, bugunsa ba ya ɓuya. Sauran shawarwarin sun bi ciwon gwiwa.

Kai kuma malam, da ka yi wata biyu kana koyo amma kake tsayar da mutane a tsakiyar fili kana yi musu gyara, layi ya cushe a bayanka: don girman Allah ka matsa.