Shari'ar Karta A Difa

A Las Begas ta Amurka, inda ake gasar poka ta duniya tun 1970, gwanaye kan zauna bayan wasa su baje kowane hannu da suka buga, abokai su tantance inda aka yi kuskure. Har kwamfuta suke sawa ta yi musu lissafi.

Ƴan fadar shayi ta Difa sun riga su. Kuma ba su buƙatar lantarki.

Belot suke bugawa: karta 32, mutum huɗu, bibbiyu. Ba a jima ba an gama zagaye. Sharhinsa kuwa sai ya cinye shayi na ɗaya, na biyu da na uku. Wanda ya yar da tara mai maki 14 lokacin da bai kamata ba, shi ne ke gaban alƙali. Abokin wasansa ne mai gabatar da ƙara. "Haba aboki! Ba ka ga na ɗaga gira ba?" Wato laifinsa shi ne bai gane maguɗin ba.

Manyan masana su ne ƴan kallo. Manomin tattasai da ya hauro daga bakin Komadugu, bai taɓa riƙe karta ba, amma ya leƙa hannun kowa, don haka fatawarsa ba ta kuskure. Da Hausa ake fara bitar. In ta yi zafi a koma Barbarci, a ƙirga maki da Faransanci.

Wanda ake tuhuma ya saurara da ladabi, ya ce ya ɗauki darasi. Aka sake rabawa. Ya sake yar da tara.