Wasiƙa zuwa ga karnen likita

Zuwa ga Karne,
ɗan littafin da ake saya a bakin tagar likita,
a Madawa da Buza da Keita.



Bayan gaisuwa, da fatan ruwan damina bai jiƙa ka ba, gara kuma ba ta kai gare ka ba a ƙarƙashin katifar da ake ɓoye ka. Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar waɗanda shafukanka suke saurin cika a hannunsu. Ba yara ƙanana nake nufi ba. Su kam an san ciwonsu, masassara da tamowa da gudawa, kuma tun bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take ɗawainiya da su a Madawa. Manya nake nufi, galibinsu mata, masu zuwa gaban majo, wato ma'aikacin jinya, suna cewa: jikina duka ciwo yake, kaina kamar ana sara, gabana yana faɗuwa, tafin ƙafata zafi, wani abu yana yi mini yawo a ciki, dare bai da amfani gare ni. A yi awo, a duba, a ce: ba a ga komai ba.

Ka fi kowa sanin abin da ke biyo baya, tunda a jikinka ake rubutawa. Zuwan farko, a soki yatsa don gwajin masassara. In ya nuna, shi ke nan, an sami mai laifi, ko da yake a ƙasa irin tamu babba kan ɗauki ƙwayar cutar a jini ba tare da ita ce ke damunsa ba. In bai nuna ba, sai a koma ga taifot, da gwajin Widal wanda yakan nuna alama har ga mai lafiya. A rubuta ordinansi: maganin ciwo, maganin ƙwayoyin cuta, ƙarin jini. Marar lafiyar ma da kanta takan roƙi allura ko ƙarin ruwa, don a ganinta wanda ya koma gida da ƙwaya kawai ba a kula shi ba. Kwana kaɗan jiki ya ɗan saki. Kafin wata ya zagayo ta dawo, an buɗe sabon shafi.

Kowane shafi kuɗi ne. Tun daga yarjejeniyar Bamako ta 1987, da dokar 1995 da ta kafa biyan kuɗin magani a ƙananan likitocin Nijar, babba da aljihunsa yake jinya. Kyautar magani da ta zo a 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da masu ciki. Matar da ta kai 40, ta gama haihuwa, ba ta cikin lissafi. A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocinta, kuma talaka ya ji sauƙin. Amma mafi nauyin kuɗin ba ya kan rasit. Akwai ɗan kabu-kabu da zai gangaro da ita daga duwatsun Garhanga ko Karofan, da ɗan rakiya, da abincin mutum biyu, da yinin da aka rasa a garkar albasa, da maganin da babu shi a likita sai a farmasi. In abin ya ƙi, a ce a gwada Galmi, asibitin mishan da ke aiki tun 1950. Daga can sai Tawa, sai Maraɗi, mai ɗan hali har Sakkwato. Tsakanin tafiya da tafiya ga rubutun malam, ga turaren boka, ga mai tallar magani ranar kasuwa. Akuya ta tafi, buhun albasa ya bi ta, kuɗin da yaro ya aiko daga Abijan don rufin ɗaki ya shige. Rabin farashi, in aka biya shi sau goma a kan ciwo guda, ya tashi daga sauƙi.

Ga ƙorafina a kanka, Karne. An yi ka don tunawa, amma mantuwa ta yi maka yawa. Kowace ƙofa aka shiga sai a sayi sabon ɗan'uwanka, tsohon yana gida cikin kwalla. Wanda ya duba ta a Tawa bai san an yi mata gwajin nan a Buza wata biyu da suka wuce ba, sai ya sake, ta sake biya. Rubutun da ke cikinka da Faransanci ne, da hannun mai sauri, mai ɗauke da kai ba ta san abin da ka ce a kanta ba. Ko ranar da ka zo da shafukanka cike, wuya ne a juya baya a karanta. Ban ga laifin majo ba sosai: daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassara ke kan ganiyarta, layi har bakin ƙofa, yaro yana suma a bayan uwarsa, ina lokacin sauraren mai ciwon da ba ya nuna kansa? Sai dai abin ya wuce yawan aiki. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, a littafinsu na 2003 kan likitocin manyan biranen Afirka ta Yamma guda biyar har da Yamai, sun nuna yadda ake sallamar marar lafiya kafin ya gama bayani.

Kada ka ɗauka wannan lalurar ta mutanen yankinmu na Adar ce kaɗai. A 1989 wani likitan Amurka, Kurt Kroenke, ya bi takardun marasa lafiya 1,000, ya tarar cikin koke-koken yau da kullum irin su jiri da kasala da ciwon kai, kashi 16 cikin 100 ne kawai aka gano musu sanadi a jiki. Can ma masu irin wannan ciwo suna cin kuɗi fiye da sauran. Abin da ya shafe ka shi ne gwajin da Richard Smith da abokansa suka wallafa a 1986. Ba sabon magani suka kawo ba. Wasiƙa suka rubuta wa likitan kowane marar lafiya: ka sa masa ranar zuwa duk bayan mako huɗu zuwa shida, tun ciwon bai taso ba, ka duba jikinsa da hannunka, kada ka yawaita awo babu dalili, kada ka ce masa ciwon a kansa yake. Kuɗin jinya ya faɗi da kashi 53 cikin 100, lafiyar mutanen kuwa ba ta ragu ba. Takarda ce ta yi wannan aiki, 'yar'uwarka.

Mutum biyu ne ke ɓoye cikin “ba a ga komai ba”. Akwai mai ciwon da ba a nema ba: hawan jini, ciwon suga, ƙarancin jini bayan haihuwa takwas, tarin fuka, ko gyambon ciki da ƙodar da yawan shan diklofenak ya taɓa. Akwai kuma wadda kayan zuciya suka yi wa nauyi: miji ya tafi cin rani Libiya an daina jin duriyarsa, bashin taki ya hau wuya, ko ta tsallako daga jihar Sakkwato zuwa Bangi bayan 'yan bindiga sun kwana a garinsu. Abin da kunya ta hana baki faɗa, jiki magayi ne. Ciwonta gaskiya ne, ba ƙirƙira ba, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP da ke koya wa ma'aikacin ƙaramar likita yadda zai kula da ita. Dukansu biyu ba a gane su a shafi ɗaya. Sai an jera shafuka shida, an ga koke ɗaya da magani shida.

Don haka ga roƙona, ka isar wa shugabannin lafiya na gundumomin nan uku. Ka zama guda ɗaya da ke bin mutum daga likitar ƙauye har asibitin Tawa, a daina sayar da sabo a kowace taga. A keɓe shafinka na farko don jera awon da aka riga aka yi da sakamakonsa, a kuma karanta wa mai shi da Hausa. Wanda ya dawo karo na uku da koke ɗaya, a ja layi a bangonka, a ba shi rana da yamma bayan layi ya watse: a auna jininsa da sugansa, a taɓa inda ke ciwo, a tambaye shi barci da gida da wanda ya tafi bai dawo ba. Sannan a rubuta ranar da zai dawo wurin wannan ma'aikacin, ba wani ba. Babu na'ura a cikin wannan roƙo, babu sabon gini. Biro ne, da kujera, da rabin awa, kuma ko ministan kuɗi ya san sun fi akuya araha.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu duba su haƙuri.

Wassalam.

Naka,
wani ɗan Adar