Yadda Ake Jeren Ɗaki a Makera Har Mai Ɗakin Ta Samu Wurin Zama

Jere, a al'adar aure ta ƙasar Hausa, shi ne aikin da mata dangin amarya suke yi kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta, inda suke shirya gado da kujeru da kwanuka da labule a ɗakin da za ta zauna, kuma ko da yake babu makarantar da take ba da takardar shaida a kansa, da wuya a samu gwaggo a Makera ko Dutsin-Ma ko Kurfi na Jihar Katsina wadda ta yarda akwai wadda ta fi ta iya shi. Kayan ɗaki kuwa su ne abin da iyayen amarya suke saya mata domin wannan aiki, kuma mallakinta ne, miji ba shi da iko a kansu, shi ya sa tun zamanin da ake jera ƙore da akusa da tasoshin tagulla, har zuwa lokacin da kwalla da samira suka hau bango a ƙarni na 20, ake ɗaukar su a matsayin ajiyar mace wadda za ta iya sayarwa ranar da buƙata ta taso. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne girman kayan, domin gado ya ƙara faɗi, kujeru sun yi ƙiba, sif ya miƙe har silin, alhali ɗakin yana nan yadda magini ya bar shi.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ma'aikata da ɗalibai daga sassa daban-daban suka shigo da nasu salon adon ɗaki, wayar hannu kuma ta ƙarasa sauran aikin, tunda hoton falon da aka ɗauka a Istambul ko Dubai yakan riga motar da ta taso daga Katsina isa Makera. Matsalar hoton ita ce ba ya nuna ƙura, ba ya nuna zafin watan Afrilu, ba ya nuna sauron da ke tasowa daga bakin madatsar ruwa ta Zobe, ba ya kuma faɗin girman ƙofar da aka shigar da kayan ta cikinta. Waɗannan abubuwa su ne suke hukunta kayan ɗaki bayan 'yan biki sun watse, saboda haka da su ya kamata mai sayayya ya yi shawara.

Ka'ida ta farko ita ce a auna ɗaki da igiyar awo kafin a taka wurin kafinta, a kuma rubuta awon a takarda, domin awon da aka riƙe a ka yakan ƙara ƙafa biyu da zarar ido ya faɗa kan kyakkyawan gado. Ɗakin da magina suke kira sha biyu-sha biyu, wato ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, murabba'in ƙafa 144 ne gaba ɗaya. Gado shida-da-shida, idan aka haɗa da allon kai da katakon gefe, yakan ci kusan 49 daga ciki. Durowa biyu na gefen gado su ɗauki 8. Sif mai ƙofa huɗu ya ɗauki 12, ya kuma nemi wasu 12 a gabansa domin ƙofofinsa su buɗu. Madubi da 'yar kujerarsa su karɓi kamar 10. Ƙofar ɗakin kanta tana son 9 domin ta juya. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma a warwatse yake a lungu da saƙo, kuma a cikinsa ne ake son amarya ta yi salla, ta ci abinci, ta tarbi surukarta, ta kuma raini yaro idan Allah ya kawo. Mutanen Japan suna faɗin girman ɗaki da adadin tabarmin gargajiyarsu da zai ɗauka, waɗanda suke kira tatami, kuma wannan ma'auni ya dace da Makera ƙwarai. Ɗakin da aka gama jerensa ya ci jarrabawa idan za a iya shimfiɗa tabarma guda ba a naɗe gefenta ba, mata huɗu su kewaye kwanon tuwo, sannan a shimfiɗa darduma a fuskanci alƙibla ba tare da goshi ya gaisa da marfin durowa ba. Idan hakan ya gagara, kaya ne za a rage, domin mai ɗakin ba ta raguwa.

Bayan awon ɗaki sai awon hanya. Zaure, wato ɗakin shiga da ke raba titi da cikin gida, an gina shi da hikimar kauce ƙofar ciki daga saitin ta waje domin kada mai wucewa ya hango matan gida, kuma wannan hikima, wadda ta tsare mutuncin gidaje tsawon zamani, ba ta da sassauci ga kujera mai cin mutum uku, tunda kujera ba ta lanƙwasa. Gidan da bai auna zaure ba yakan ƙare da ɗaga kujera ta saman katanga da rana tsaka, samari shida suna riƙe, dattawa goma suna ba da umarni, kowa da nasa. Kamfanin IKEA, wanda aka kafa a Suwidin a 1943, ya yi suna ne tun daga shekarun 1950 da sayar da kayan ɗaki a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa a gida, kuma kafintocin Dutsin-Ma sun daɗe da sanin wannan dabara a wajen gado, wanda suke ɗaurewa da noti. Abin da ya rage shi ne a nemi su yi sif ma haka, gida biyu ko uku da za a haɗe a cikin ɗaki, domin ranar tashi daga haya tana zuwa, kuma sif ɗin da aka buga da ƙusa a ciki ba ya fita sai a matsayin itacen girki.

Maganar katako ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda a nan ne kuɗi suke shiga ba su fito ba. Mafi yawan katakon da ake aiki da shi a Arewa daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, ya sauka a manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga nan ya bazu zuwa garuruwa, kuma yakan iso da danshin ƙasar da aka sare shi a jikinsa. Idan kafinta ya yanka shi ya haɗa kafin ya bushe, hunturu zai ƙarasa busarwar a cikin ɗakin amarya, katakon ya tsuke, mahaɗa su saki, ƙofar sif ta karkace, gado kuma ya koyi ƙara, har maƙwabta su riƙa sanin lokacin da mai gida ya juya. Maganin wannan shi ne a tambayi kafinta tsawon lokacin da katakon ya yi a ajiye, a ɗaga a ji nauyinsa, a kuma zagaya bayan kayan a duba, domin gaba na fenti ne, baya kuwa shi ke faɗin gaskiya. Madaci, wanda itacen ƙasar nan ne, yana da ƙarfi da daɗewa, sai dai ya yi wuya ya kuma yi tsada. Akwai kuma allon da kafintoci suke kira MDF, wanda garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse da inji, aka lulluɓe shi da fata mai sheƙi, kuma shi ne asirin santsin da ake gani a kayan zamani. Yana da kyau a ido da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, domin da zarar ruwan goge ɗaki ko yoyon damina ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Wanda ya zaɓe shi ya sa a yi masa ƙafafu na ƙarfe ko roba da za su raba shi da ƙasa, ya kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, musamman bangon ƙasa, saboda gara tana aikinta ne a ɓoye, ba a ganin ta sai ta gama. Magina na da sun san wannan abokiyar gaba sarai, shi ya sa suke rufi da azara, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cin sa da sauƙi.

Yadin kujera shi ma a zaɓe shi da tunanin watan Janairu. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ba ta neman izinin shiga, kuma farin karan-miski, wato yadi mai laushi da gashi-gashi, shi ne masaukin da ta fi so, sai kuma sassaƙar furanni da ake yi wa kujerun da ake kira na sarauta, inda kowane lungu yake buƙatar tsinke da haƙuri. Fatar roba kuwa, a zafin bazara da ke haura digiri 40, takan manne wa mai zama, daga baya ta fara ɓarewa. Wannan ne ya haifar da al'adar barin kujeru cikin ledar da aka kawo su har shekara ta zagayo, ta yadda baƙo yana zama ledar tana sanar da zuwansa, yana tashi tana yi masa rakiya. Abin da ya fi shi ne yadi mai kauri mai launin ƙasa ko ruwan toka, da matasan da aka yi wa riga mai zif wadda za a cire a wanke. Haka nan kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango rumbun ƙura ne ga gidan da ba shi da injin zuƙe ta, yayin da tayil ko leda, da ƙaramar darduma a tsakiya wadda za a fitar a kakkaɓe, suka fi sauƙin tsafta da sanyi.

Makera tana maƙwabtaka da Zobe, madatsar da aka kammala a 1983, kuma inda ruwa yake kwance sauro ba ya nisa, saboda haka gadon da ba shi da wurin ɗaura gidan sauro bai kammalu ba, komai tsayin allon kansa. Tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, irin na kamfanin Vono da iyaye mata suka yi aure da shi, ya zo da sanduna huɗu da suka warware wannan matsala, amma gadon zamani ya zubar da su, silin filasta da ake kira POP kuma ba ya riƙe ƙusa, sai a ga an ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa hannun sif, ɗakin da aka kashe wa dukiya ya koma wurin shanya. Ya kamata a sa ƙugiyoyi huɗu a bango ko a katakon rufi tun kafin a yi silin. Kada kuma a jingina sif a jikin taga don ya dace da hoton waya, domin a daren da babu wuta fanka ado ce kawai, tagar nan ita ce za ta yi aiki. Kuɗin da aka rage daga ƙawar allon gado a ƙara su a katifa, tunda ita ce jiki yake kwana a kai. Kamfanoni irin su Vitafoam, da aka kafa a 1962, da Mouka, wanda asalinsa ya faro a Kano a 1959, suna da katifu hawa-hawa, kuma mai saye ya danna da gwiwa ya ga ko soson zai dawo.

Kwanuka da kuloli da farantan da ke cika sho-gilas, wato kabad mai fuskar gilashi, a bar wa amarya abin da za ta iya wankewa a yini guda, sauran a adana a kwali. Tumtum na fata da tabarmar kaba da faifai masu launi ba su tsufa ba, suna ƙara wurin zama ba tare da cin fili ba, kuma kuɗinsu a hannun masu sana'ar gida yake tsayawa.

Ranar jere kanta tana buƙatar shugaba guda. Idan aka bar gwaggo da inna da yayar amarya kowa da ikonta, za a ji wannan tana cewa, "Yaya, gadon nan gabas zai fuskanta," waccan tana amsawa, "A'a Hajiya, a gidanmu ba a yin haka," samarin da ke ɗauke da gadon kuwa suna tsaye da shi a sama har hannuwansu su sage. A zaɓi dattijuwa ɗaya a ba ta takardar awon, a kuma tambayi amarya ra'ayinta tun da wuri, ko ta bakin ƙawarta idan kunya ta hana ta magana, domin 'yan ganin ɗaki yini guda za su yi su tafi, ita ce za ta share ƙarƙashin gadon.

Nauyin kuɗin a kan iyaye yake sauka, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin katako da soso da fenti da dakon kaya ya tashi, har wasu iyaye suna sayar da dabba ko jinginar da gona domin kujerun da ba za a zauna a kansu ba. Auren gata da Gwamnatin Jihar Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba 2023, inda aka ba su gado da katifa da sauran kayan buƙata, ya nuna cewa ana iya kafa gida da kaya kaɗan masu amfani, sauran su biyo baya a hankali. Wanda zai ba kafinta aiki ya lura cewa bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da kuma watan Sha'aban, lokacin da kowane shago yake cike da alkawura, kuma kafintan da ya ce, "Alhaji, in sha Allahu jibi," da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai ya faɗa wa mutum goma a safiyar. A ba da aiki wata biyu kafin biki, a biya rabi, a rubuta irin katako da yadi da ranar karɓa a gaban shaida, a kuma riƙa leƙawa shagon tun kayan suna tsirara ba a shafa musu fenti ba, sauran rabin kuɗin kuwa a biya shi bayan an haɗa gadon a ɗaki, mutum biyu sun zauna a kai sun girgiza shi.